Yadda Na Zama Ɗan Sandan Ciki a Runjin Sambo

Ɗan ƙanwar Tela ne ya jawo mana, wani yaro da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Shi ya fara kawo littafin teburin mai shayinmu da ke unguwar Runjin Sambo a Sakkwato, na gwanjo, na Turanci, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Labarin wani ɗan sandan ciki ne a wata ƙasa ta arewacin Turai, inda rana kan faɗi wajen ƙarfe uku na yamma a watan Disamba. Ba zan faɗi sunan littafin ba, marubucin bai ba ni ko sisi na talla ba. Ashe jeri ne mai tsawo, in ka gama ɗaya sai ka nemi na gaba, sai muka shiga karɓa-karɓa.

Abin mamaki, musun da muke yi ba a kan kisan ba ne. A kan shi ɗan sandan ne. Mutum ne mai basira, amma matarsa ta fita, ɗansa ba ya gaishe shi, kullum yana faɗa da ogansa, ba ya barci, ga kwalba. In dare ya yi sai ya tsaya bakin taga cikin doguwar kwat yana kallon ruwan sama, yana tunanin gawa.

Tela ya yanke hukunci tun a littafi na biyu. "Wanga mutum rashin mata ad damuwatai. A yi mai aure, littahi ya ƙare." Mai shayi ba ya karanta Turanci, labari muke ba shi, amma shi ya fi kowa zafi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutum ya wuni yana shan kofi baƙi, ba madara, ba sukari, ba ko yankin burodi, wai kuma ana mamakin yana da baƙin rai. Akwai wani dattijo da ya ce shi ba ruwansa da labarin mashayi, ya kan ja kujerarsa gefe in an fara, amma kafin a tashi sai ya tambaya ko an kama wanda ya yi kisan.

Hedimasta mai ritaya shi ne lauyan ɗan sandan. A ganinsa damuwar ita ce gishirin labarin, don wanda ya ƙoshi ya yi barci ba ya gano ɓarawo. Ya kan tuna mana cewa masu karatu sun daɗe suna shiga sharo ba shanu a harkar irin waɗannan mutanen na takarda: a 1893 marubuci Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes, mai binciken da ya ƙirƙira, ya kashe shi, jama'a suka tasa shi gaba da ƙorafi, a 1903 ya dawo da shi da rai. Ya kuma haddace wata doka daga cikin guda goma na rubuta labarin bincike da wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya rubuta a 1929: dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari. Ni ina ɓangaren Hedimasta, har na fi shi. A gida ma uwargida, wadda malamar firamare ce, ta sha yi mini magana cewa ina cin tuwo ido na kan takarda, loma tana kuskure baki.

Da littafin ƙarshe ya zo hannuna, cikin watan Afrilu ne. Na kai daidai wurin da ɗan sandan ya tara waɗanda ake zargi, ya buɗe baki zai faɗi suna, na juya shafi, sai ga bango. An cire shafukan ƙarshe. Ba yagewa aka yi ba, yanka ne na reza, a miƙe tsaf.

Mai hankali zai tambaya a majalisa a wuce wurin. Ni kuwa na ga aiki ya zo har gida. Washegari na hau kabu-kabu zuwa Tsohuwar Kasuwa na nemi doguwar kwat a wurin 'yan gwanjo. Mai kayan ya dube ni, ya dubi rana, ya tambaye ni ko Jos za ni. Na ce masa aiki ne na sirri. Duk wanda ya san Sakkwato a Afrilu ya san zafi kan haura digiri 40, lokacin da mutane ke fitar da katifa tsakar gida suna yayyafa mata ruwa. A cikin wannan na saka kwat mai shafi biyu, na ɗaga kwala, na nufi teburin shayi na ce a ba ni kofi baƙi.

"Ba madara?"

"Ba madara."

"Lahiya dai?"

Ban amsa ba, don ɗan sandan ciki ba ya amsa tambaya, shi ke yin ta.

Da Tela na fara, tunda shi ke da almakashi da reza, kuma littafin ta hannunsa ya biyo. Na zauna a shagonsa na zura masa ido ba magana, yadda ake yi a littafi don mai laifi ya rikice. Bai rikice ba. Ya ci gaba da taka keke, can ya ɗago ya tuna mini ragowar kuɗin ɗinkin Sallar bara. Na rufe wannan ɓangaren binciken nan take.

Daga nan zargina ya koma kan masu naɗe kaya da takarda, kuma a nan kuɗina suka tafi. Na bi masu tsire da masu ƙosai na unguwa ɗaya bayan ɗaya, ina sayen na ɗari biyar ina warware takardar a ƙarƙashin fitila. Na karanta tsohuwar jarrabawar lissafi ta wani yaro da ya ci uku bisa ashirin. Na karanta rabin takardar gayyatar ɗaurin aure. Na karanta jarida mai maiƙo da ke ba da labarin zaɓen da aka gama shari'arsa tuntuni. Wani mai tsire da ya ga ina cinye nama a gaggauce ina lallaɓa takarda ya ce in dai ita nake so, ya ba ni kyauta in daina wahalar da aljihuna. Har jar akuyar maƙwabcinmu na sa wa ido, irin tamu ta Sakkwato da ake yabon fatarta a duniya, don na taɓa ganin ta tana cin kwali. Hedimasta ya wanke ta da hujja ɗaya: akuya ba ta da reza.

A gida kuwa na cika sharuɗɗan aiki. Na daina cin tuwon dare, ina amsa sallama da ka. In an ɗauke wuta sai in tsaya bakin taga cikin kwat. Matsalar ita ce tagarmu katangar maƙwabci take kallo, ruwan sama kuma sai wajen Yuni. Uwargida ba ta ce uffan ba, sai dai ta wuce ni da mafici tana fifita.

'Yan sintiri ne suka kawo ƙarshen abin. Kofi ya hana ni barci, na fita zagayen tunani bayan sha biyun dare, sai haske ya dalle mini fuska. Mutum cikin doguwar kwat, gumi har takalmi, aljihu cike da takardun tsire. Na ce musu bincike nake yi. Babbansu ya ce ai su ma shi suke yi. Allah ya taimake ni ɗaya daga cikinsu ya san ni, suka rako ni gida cikin ladabi, irin ladabin da ake yi wa wanda ake shirin kai wa malamai.

Da suka tafi, uwargida ta ɗaga murfin kwallarta ta fito da shafukan, a jere, an ɗaure da zare.

"Baban Nana, ni naɗ ɗauke su."

Ashe duk littafin da na shigo da shi, ta kan karance shi kafin in dawo daga aiki. Ita ma tana da ra'ayi. A wurinta mutumin ba wata damuwa gare shi ba, raini ne: ya iya gano wanda ya yi kisa a garin da bai sani ba, amma bai iya gano abin da ke damun matar da ke ɗaki ɗaya da shi ba. Ta ce tun kafin tsakiyar littafi ta san mai laifin, marubucin ma ya ja abin ne don ya cika takarda. Sannan ta shimfiɗa sharuɗɗa. Kwat ta bar gidan, a gyara fankar ɗaki, in dawo cin tuwo da hannu biyu. Kowane sharaɗi na cika, shafi ɗaya.

Na kai ƙara majalisa ina neman a taya ni jaje. Hedimasta ya yi tafi, wai dokar Knox ta cika, tun farko aka ambace ta, ni ne ban lura ba. Tela ya ce ya janye maganarsa, ashe aure ma bai magani. Na roƙe su don Allah kada wanda ya riga ya karanta ya faɗi sunan, saura shafi biyu a hannunta kuma mai gyaran fanka ya yi alkawarin gobe.

Mai shayi yana jujjuya madara a kofina, bai ko ɗago ba.

"Wai kisan? Ai likitan na. Matarka ta hwaɗa ma tawa wurin suna tun makon jiya."