Maganin ƙudan mangwaro na ƙarƙashin bishiya

Duk wanda ya taɓa yanka mangwaro mai kyan baya a farkon damina, ya tarar da fararen tsutsotsi suna motsi a ciki, ya san takaicin da nake nufi. Mai saye ya yi asarar ɗaya ko biyu. Mai lambu kuwa, da ya shekara yana jiran kakar, kwando-kwando yake zubarwa.

Ƙudan da ke wannan ɓarna baƙo ne. Masana na kiransa Bactrocera dorsalis, asalinsa Asiya. A Kenya aka fara ganinsa a Afirka a 2003, cikin 'yan shekaru ya game yammacin nahiyar, har ya danne ƙudan mangwaron da muka saba da shi. Gwaiba da lemo da gwanda ma bai bar su ba.

Yana da lokacinsa. Da rani yawansa kan ragu, amma da zarar ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laima, sai ya ɓarke. Shi ya sa mangwaro mai nuna da wuri kan tsira, masu makara irin su Kent da Keitt, waɗanda Turai ke saye, su ne ke shan wuya. Macen ƙudan ce ke huda ɓawo ta zuba ƙwai, hudar ba ta fi bakin allura ba. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, mangwaron ya faɗo, ta shige ƙasa, bayan kwana goma ko makamancin haka ta fito da fukafukai.

A nan nake ganin muna kuskure. Da an ga tsutsa sai a ruga sayen maganin feshi, alhali feshi ba ya kai wa ga wadda ke cikin mangwaro, balle wadda ke cikin ƙasa. Ruɓaɓɓen da muke tsallakewa a gindin bishiya, shi ke haifar da ƙudan mako mai zuwa. A tsince shi, a ɗaure a baƙar leda a bar shi a rana, ko a binne shi da zurfi. Akwai kuma tarko mai sinadarin metil yujinol da ke jawo mazan.

Sai dai mutum ɗaya ba ya iyawa. Ka share lambunka tas, maƙwabcinka ya bar nasa, ƙuda bai san iyaka ba. Haka tarin ruɓaɓɓen mangwaron da ake jibgewa a bayan kasuwa bayan an sauke lodin mota. Saboda wannan ƙuda, Kenya da kanta ta dakatar da kai mangwaro Tarayyar Turai a 2014, ba ta koma ba sai 2021.

Ina roƙon ƙungiyoyin masu lambu da malaman gona da masu unguwanni su zauna tun kafin ruwan farko, su sa ranakun tsintar mangwaro a kowane mako, shugabannin kasuwa kuma su haƙa ramin binne wanda ya lalace.