Kuɗin NBA da littafin bashin mai shayi

Teburin mai shayi a Fagge, bayan isha'i. Ɗan Boko, wani Bazazzage da ya gama ABU yana jiran aiki, yana gefe yana cajin waya. Sai ga Alhaji ɗan kasuwar Kwari ya faɗo, baki har kunne.

ALHAJI: Mai shayi haɗa min mai kauri, indomi biyu ƙwai huɗu, kowa a teburin nan ya faɗi abin da zai ci, ka rubuta.

MAI SHAYI: Alhaji littafin fa ya cika, tun azumi nake rubutawa, yanzu a bango nake sa naka.

ALHAJI: Sayi sabo. Yaron nan nawa da ke karatu a Amurka jiya ya buga wa makarantarsu ƙwallon kwando, maki 18 shi kaɗai, turawa sai ihu suke. Baɗi warhaka yana NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan kwando ta Amurka, ni kuma har na sa dillali ya fara duba min fili a Nasarawa.

ƊAN BOKO: Allah ya sa albarka Alhaji. Amma makarantar tasu a gasar jami'o'i a rukuni na nawa take, na ɗaya, na biyu ko na uku?

ALHAJI: Kai Bazazzage kiyaye ni, ɗana tun firamare bai taɓa zuwa na uku ba.

ƊAN BOKO: To mu ɗauka na ɗaya ne. Rukuni na ɗaya kaɗai jami'o'i sama da 350 ne, kowacce da 'yan wasa goma sha wani abu, lissafa ka gani, dubbai kenan, kuma duk shekara mutum 60 NBA ke ɗauka a zaɓen da suke cewa diraf, ƙungiya 30 zagaye biyu, sittin ɗin ma ba nasu ba ne su kaɗai, 'yan Turai na tsoma hannu, a 2023 ɗan Faransa ne Wembanyama ya fita na farko.

ALHAJI: Sittin?! Ai ko kujerar Makka ta ƙaramar hukumarmu ta fi haka. To wa ke rabawa, ba mu da kowa a ciki?

MAI SHAYI: In rage ƙwai biyu kenan?

ALHAJI: Soya! Ƙwallo ai ƙwallo ce, kwandon can ɗin rijiya ne?

ƊAN BOKO: Kwando ɗaya ne, sauran ne ba ɗaya ba. A jami'a minti 40 ake yi, NBA 48. A jami'a wasa talatin da 'yan kai a shekara, can 82, yau kana Miami gobe kana wani gari, barci a jirgi. In ƙwallo ta zo hannunku a jami'a sakan 30 gare ku ku jefa, can 24.

ALHAJI: Sakan shida kake wa wannan dogon turancin? Ko atishawa ta ta fi sakan shida.

ƊAN BOKO: Layin da in ka jefa daga bayansa ake ba ka maki uku ma, a NBA an ja shi baya kusan rabin mita. Amma bar wannan duka, Alhaji, mai tsare ɗanka yanzu yaro ne ɗan 19 da gobe yake da jarrabawa, can kuwa magidanci ne ɗan 30 mai 'ya'ya uku, kafaɗa kamar ƙofar Nasarawa, kuma ya san tuwon gidansa yaron ya zo ɗauka. Ka tuna ranar da ka bar tallan atamfa a kafaɗa ka kama shago a Kwari?

ALHAJI: Kar ka tuna min. Wata uku manyan layin suna cin kasuwa a gabana ina hamma.

ƊAN BOKO: Yauwa. Akwai wani Jimmer Fredette, a 2011 duk jami'o'in rukuni na ɗaya babu wanda ya kai shi zura maki, kusan 29 kowane wasa, aka ba shi gwarzon shekara, aka ɗauke shi na 10 a diraf. Da ya je ƙungiyar Sacramento benci ya riƙa ɗumamawa, ƙarshe sai Chaina ya tafi, Shanghai, can ne ya dawo yana zuba 70 da wani abu a wasa ɗaya.

ALHAJI: Chaina? To ai gida ne! In yaron ya je can sai ya riƙa loda min kwantena, na huta da biza.

MAI SHAYI: Ni dai a kuɗin wace ƙasa za a biya ni?

ALHAJI: Hassada ce kawai irin ta Zagezagi. Hakeem fa, ɗan Legas, ba daga jami'a ya fito ba? Da azumi a bakinsa yake buga musu.

ƊAN BOKO: Hakeem Olajuwon daga jami'ar Houston, na farko a diraf na 1984, gaban Michael Jordan ma, kofi biyu 1994 da 1995. Amma ƙafa 7 ne fa tsayinsa. Mu ɗan garinmu Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, ya buga a kwaleji a Amurka, bai taɓa buga NBA ba, sai ya bi ta ofis har ya zama shugaban ƙungiyar Toronto suka ci kofin NBA a 2019.

ALHAJI: Bazazzage kenan, an hana shi ta ƙofa ya shiga ta taga da takarda a hannu.

ƊAN BOKO: Shi yaron tsayinsa nawa?

ALHAJI: Ya ɗan fi ni.

Kowa ya yi shiru, aka bi Alhaji da kallo, ƙafarsa na lilo a kan benci ba ta taɓa ƙasa.

ALHAJI: Da hula.

ƊAN BOKO: To... gaskiya an taɓa yin wani Muggsy Bogues, ƙafa 5 da inci 3, shekara 14 ya yi a NBA, amma fa mutum ɗaya ne a duk tarihin...

ALHAJI: Shikenan! Kun ji da bakinsa! Ɗana ya fi wannan da inci biyu cur. Mai shayi ƙara ƙwai biyu, ka ba Bazazzagen nan lifton ba madara.

MAI SHAYI: In rubuta a shafin NBA ko na Chaina?

ALHAJI: Raba biyu.