Digirin kiriminoloji ba ya mayar da mutum ɗan sanda

Mutane da yawa sun ɗauka wai in ka karanta kiriminoloji, wato nazarin aikata laifuka, a jami'a irin su NOUN, jami'ar karatu daga gida, shikenan ka zama ofisa, kana gamawa sai a miƙo maka kaki. Wallahi ba haka abin yake ba, kwalin naka ilimi ne kan dalilan aikata laifi da yadda kotu da gidan yari suke aiki, dole ka jira kamar kowa a buɗe ɗaukar aikin ɗan sanda ka cika fom.

Wadda ke haɗa digiri da muƙami ita ce makarantar 'yan sanda ta Wudil a jihar Kano, ita ma sai ka ci JAMB an tantance ka, ka yi shekara 5 ana karatu ana fareti kafin ka fito da muƙamin ASP, wato mataimakin sufuritandan 'yan sanda.