Ɗan Shaho Ba Ya Tashi da Farin Gashi

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata.

A Jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley a Amurka akwai wata doguwar hasumiyar agogo, tsayinta ya kai kusan mita 94. A ƙarshen 2016 wasu shahuna biyu, mace da namiji, suka zo suka yi gida a can ƙololuwarta. Aka raɗa wa macen suna Annie, namijin kuma Grinnell. A 2019 jama'a suka yi karo-karo aka kafa kyamarori a wurin, ta yadda duk mai waya da ɗan data, ko a ina yake a duniya, zai iya leƙa abin da ke gudana a sheƙar dare da rana. Irin shahon nan ne da ake kira peregrin, wanda babu wata halitta da aka sani ta fi shi sauri idan ya kawo farmaki daga sama.

Na tabbata da yawanku kun taɓa cin karo da bidiyonsa. Zai yi sama har ya zama ɗigo, sai ya naɗe fikafikai ya sulalo ƙasa kamar an harbo shi, gudun da yake yi ya haura kilomita 300 a awa. Ya doki tattabara da dunƙulalliyar ƙafa, gashi ya watse a iska, ya juyo ya cafe ta kafin ta kai ƙasa. Daƙiƙa talatin, an ɗora masa kiɗa, kowa ya tura wa abokinsa, wasu har su rubuta a ƙasa cewa haka su ma za su zo wa duniya. To madalla. Ni abin da nake so ku kalla shi ne ɓangaren da ba a sa wa kiɗa, wanda kyamarar sheƙa ke nunawa ba tare da an yanke komai ba.

Da farko ma wannan tsuntsu ba ya saƙa sheƙa. Uwar za ta kwanta da ƙirji a kan tsakuwa, ta tura ƙafafu baya ta yi ɗan rami, shi ke nan ɗaki ya samu. Ta saka ƙwai uku ko huɗu, ja-ja masu ɗigo, tana ba da tazarar kwana biyu tsakaninsu. Daga nan sai kwanci na wata guda da 'yan kwanaki. Ka buɗe waya da safe, tana kwance. Ka dawo da la'asar, tana kwance. Ruwa ya tsuge, iska ta buso, tana nan ta lumshe ido. Namijin yakan karɓe ta don ta je ta ci abinci, kuma da yake ta fi shi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai ka ga yana ta mutsu-mutsu yana neman yadda zai rufe ƙwai huɗu da ɗan jikinsa. Ranar da ɗan ya fara huda ɓawo daga ciki, yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana fama kafin ya fito.

Abin da ke fitowa kuwa ba ya kama da sarkin gudu ko kaɗan. Ɗan dunƙulen farin gashi ne, jiƙaƙƙe, nauyinsa bai wuce giram 40 ba, ko kansa ba ya iya riƙewa. Idan an kawo nama, uwar za ta danne tattabarar da farata, ta yago ɗan mitsitsin tsoka, ta karkata kai ta miƙa a hankali. Ɗan ya kai cafka ya kuskure, naman ya faɗi, ta ɗauka ta sake miƙawa. Haka za ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasan wuyan kowannensu ya kumbura ya yi tulu, sannan ka ga ɗan ya kife da fuska a kan tsakuwa ya hau barci, ƙafafu a miƙe. Ƙafafun nan ma sun yi masa yawa, a makonnin farko ba ya iya tsayuwa a kansu, jan gindi yake yi.

Wajen mako uku masana kan hau su sa musu zobe a ƙafa don a riƙa gane su, iyayen kuma suna shawagi suna ihu suna kawo musu hari. Daga mako na huɗu zuwa na biyar muni ya kai muni: baƙin gashi na tsirowa ta ƙarƙashin fari, farin na zubewa, tsuntsu ya zama ba shi ga yaro ba shi ga babba. A nan ne aikin da na fi so ku gani yake farawa. Zai hau bakin katanga, ya damƙe ta da farata, ya yi ta kaɗa fikafikai da iya ƙarfinsa amma bai saki ba. Ya huta, ya leƙa ƙasa, ya ja da baya. Ya sake. Ya yi tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ya sauka a kan ɗan uwansa. Kwana da kwanaki yana wannan, har ragowar farin gashin ya kakkaɓe. Sai wajen kwana arba'in da 'yan kai sannan ya saki katangar, kuma galibi mazan ke riga matan, saboda sun fi su rashin nauyi.

To ƙannena, ku faɗa mini gaskiya, mu nawa ne a cikinmu za su iya wannan zama a bakin katanga? An kai yaro koyon ɗinki ko gyaran waya ko kanikanci, wata shida ya ce maigida na ɓata masa lokaci, shi fa ya iya. Ɗalibi ya karanta rabin littafi a gaban malam, ya buɗe shafi a Facebook yana ba da fatawa. Yarinya ta ga wata sa'arta tana tallar kaya a intanet tana nuna kuɗi, ita ma ta ranto jari ta faɗa, ba ta taɓa zama ta lissafa riba da faɗuwa ba. Duk cuta ɗaya ce ke damunmu: mun ga ƙarshen wani, ba mu ga farkonsa ba, sai muka ɗauka da haka aka haife shi. Ba laifinku ba ne kaɗai, wayar ce ma aka ƙera ta don ta riƙa nuna mana daƙiƙa talatin ɗin. Amma sauri ya haifi nawa. Ɗan shahon da iska ta hankaɗo ko ya zame kafin gashinsa ya cika, a ƙasa ake tsintarsa, tsakanin motoci da karnuka. Shi ya sa a Berkeley da wasu biranen ake samun 'yan sa-kai da ke kewaye ginin da madubin hangen nesa a makon tashi, domin in ɗaya ya faɗo a ɗauke shi a mayar sama. Kai da ka bar wurin koyo ba shiri, wa ka ajiye a ƙasa yana jiran ya tsince ka?

Akwai kuma abin da masu kallo ba su cika son ji ba. Ranar da ɗan ya tashi, sai murna ta ɓarke, ana ta taya juna farin ciki kamar an gama. Alhali a ranar ne haɗarin ya fara. Tashi ba shi da wuya kamar sauka, kuma sabon tashi bai san gilashi ba, bai san waya ba, bai san wane tsuntsu ne zai iya kashe shi ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen shida cikin goma na waɗannan 'ya'ya ba sa cika shekara guda. 'Ya'yan farko da Annie ta ƙyanƙyashe a hasumiyar a 2017 su biyu ne, Fiat da Lux. Lux ba ta yi nisa da fara tashi ba ta yi karo da tagar wani gini a cikin jami'ar ta mutu. A 2022 wata mai suna Lindsay ta tashi lafiya lau, bayan kimanin wata biyu aka tsinci gawarta, ana zaton wani shaho ne na daban ya far mata. Kyamara ba ta nuna wannan, ita iyakarta bakin katanga.

Waɗanda suka rayu fa, me suke yi? Ba sa yin nisa. Har tsawon wata ɗaya zuwa biyu bayan sun tashi suna nan a kewayen gida, suna bin iyaye da kuka. Uban zai zo da tsuntsu a ƙafa, ya ƙi sauka, sai ɗan ya bi shi ya juya rigingine a iska ya karɓa. Wani lokaci ya sakar masa daga sama don ya koyi cafewa. 'Yan uwan su yi ta koran juna, su fara da kamun ƙwari kafin su kai ga tattabara. Wato yana da fiffike, yana tashi, amma har yanzu ciyar da shi ake yi, kuma bai ɗauki hakan abin kunya ba. Mu kuwa da zarar albashin farko ya shigo, ko an buɗe ɗan shago, ko an yi aure, sai wayar gida ta zama takura. Baba ya ce a yi a hankali da wannan abokin hulɗa, a ce tsoho bai san zamani ba. Inna ta ce wannan bashi ya yi yawa, a ce ba ta gane kasuwanci ba. Wallahi shekarar farko ta cin gashin kai ita ce ta fi kowace buƙatar shawara, don a cikinta ake cin bashin da ke bin mutum shekara goma, a cikinta ake sakin da ake nadama. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Bari in ɗan ratse. A ƙarshen Maris na 2022 aka tsinci Grinnell matacce a kan titi a cikin gari, ana zaton mota ce ta buge shi, ga Annie da ƙwai a sheƙa. Uwa ɗaya ba ta iya haɗa kwanci da farauta, kowa ya fitar da rai. Cikin 'yan awanni sai ga wani namiji mai ɗan ɗingishi ya bayyana, aka sa masa suna Alden. Ya riƙa kawo abinci, ya hau ƙwan da ba nasa ba, aka ƙyanƙyashe biyu ya ciyar da su har suka tashi. Wanda a cikinku kawu ne ya riƙe shi, ko mijin uwa, ko maigidan da ya koya masa sana'a, to ya san da wa nake. Ku neme su ku gaishe su tun suna raye.

Kada wani malalaci ya ji wannan ya gyara kwanciya ya ce an ba shi hujja. Zaman bakin katanga na mai kaɗa fiffike ne, ba na mai zaman kashe wando ba. A makon ƙarshe iyayen sun daina sa wa ɗa a baki, jefar masa da tsuntsu suke yi da gashinsa su tafi, in ya ga dama ya fige. Kuma komai daɗewa dole ya saki katangar nan ya faɗa iskar da bai taɓa shiga ba. Allah Maɗaukaki Ya ja hankalinmu a Suratul Mulk, aya ta 19, ga tsuntsayen da ke samanmu suna shimfiɗa fikafikai suna naɗewa, babu mai riƙe da su sai Mai rahama. Riƙon na Allah ne, amma ayar ta ambaci shimfiɗawa da naɗewa, wato shi ma tsuntsun yana nasa.

Su kansu tsuntsayen nan da muke kallo a saman gine-gine, haƙurin wasu ne ya dawo da su. Bayan yaƙin duniya na biyu maganin ƙwari na DDT ya shiga jikinsu ta abin da suke ci, ɓawon ƙwansu ya yi laushi har yana fashewa a ƙarƙashin uwa. Wani masani ɗan Ingila, Derek Ratcliffe, ya nuna wannan laushin ɓawo a 1967. A lokacin sun riga sun ƙare ƙaf a gabashin Amurka. Tom Cade ya kafa gidauniyar kiwonsu a Jami'ar Cornell a 1970, aka hana amfani da DDT a ƙasar a 1972, aka yi ta ƙyanƙyasa ana saki har dubbai, amma sai a 1999 aka cire su daga jerin halittun da ke gab da ɓacewa. Kusan shekara talatin ke nan a kan aiki ɗaya. Mu kuwa ƙungiyar unguwa ma in ta shekara biyu ba ta watse ba sai a ce an yi ƙoƙari.

Annie da namijin da take tare da shi a ƙarshe sun ɓace a farkon 2025, masana na zargin murar tsuntsaye. Amma wata 'yarta da aka ƙyanƙyashe a 2018, mai suna Lawrencium, ta tsallake shekarar farko, ta yi nata gidan a tsibirin Alcatraz da ke kusa da birnin San Francisco, inda wani tsohon gidan yari yake, ta fara haihuwa a can a 2020.

Wanda ke son ya gani da idonsa, akwai kyamarori a manyan coci-cocin Norwich da Derby a Ingila. Ana saka ƙwai wajen ƙarshen Maris, 'ya'yan su tashi a watan Yuni, kuma a wannan lokaci agogonsu ɗaya ne da na Kano da Maraɗi. Akwai kuma ta bene mai lamba 367 a titin Collins da ke Melbon a Ostireliya, wadda ke farawa wajen Satumba a tashi a Nuwamba. Su can gari na waye musu ne bayan mun idar da isha'i, daidai lokacin da ake kawo abincin farko. Ku rage ƙarfin hoton don kada data ta ƙone, ku zaɓi sheƙa ɗaya, ku riƙa leƙawa minti biyar kullum tun daga ƙwai har ranar da na ƙarshe zai bar katangar.