Daga Downsview zuwa Oba Akran: filin masana'anta in ya tafi ba ya dawowa

Akwai wani dattijo Basakkwace da muke gaisawa duk sanda hanya ta bi da ni ta wani lungu a bayan titin Oba Akran da ke Ikeja. Tun zamanin mulkin soja yake gadin ƙofa guda. Ƙofar tana nan yadda take, abin da ke bayanta ne ya sauya. Da kamfani ne mai aiki dare da rana, yanzu zauren biki ne: ranar Asabar a cika shi da kiɗa da manyan motoci, sauran kwanakin a garƙame. Ranar nan na tarar da shi yana kurɓar shayi a kofin silba, na ce, “Baba, ya aiki?” Sai ya yi dariya.

“Wane aiki, ɗana? Da in aka busa tashi ƙarfe biyu, sai ka raɓe da bango kada a bi ta kanka. Masu shayi huɗu ne a bakin ƙofar nan, ga mai tsire, ga mai gyaran takalmi, kowa na samun na tuwo. Yau dubi, ni ne sai wannan benci.”

Maganarsa ce ta faɗo mini a rai da nake bibiyar labarin Downsview, wata unguwa a arewacin birnin Toranto na ƙasar Kanada. A 1929 kamfanin de Havilland ya kafa masana'antar jiragen sama a can. A nan aka ƙera jirgin yaƙi Mosquito lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya aka yi Beaver da Twin Otter, sannan Dash 8, mai farfela biyun nan da duk wanda ya saba hawa jirgin cikin gida a Najeriya ya sani, domin Arik da Aero sun yi jigila da shi. Kamfanin Bombardier ya saye shi a 1992. A 2018 kuma ya sayar da filin, kimanin eka 370, ga asusun da ke juya kuɗin fanshon ma'aikatan gwamnatin tarayyar Kanada, a kan dala miliyan 635. Ya kwashe aikinsa zuwa kusa da babban filin jirgin sama na Pearson, aka rufe na Downsview a 2024.

Abin da za a yi da wurin shi ne ya ja hankalina. Shiri ne na wajen shekara talatin. Za a gina gidajen da za su ɗauki dubun-dubatar mutane, amma titin tashin jirage mai tsawon kusan kilomita biyu za a bar shi ya zama hanyar masu tafiya a ƙasa, manyan rumfunan da ake haɗa jirage a ciki kuma ba za a rushe su ba, za a mai da su wuraren sana'a. Kada a ɗauka can ɗin ba a yi asara ba. Dash 8 ya daina fita daga Downsview, kamfanin da ya gaji sunan de Havilland ya nufi lardin Alberta mai nisan dubban kilomita, ma'aikata sun yi yajin aiki a 2021 a kan makomarsu. Sai dai aƙalla an zauna an yi muhawara a bainar jama'a kafin a taɓa ko bulo ɗaya, domin Toranto tana da yankunan da ta keɓe wa aikin yi a tsarin birninta, mai fili ba ya wayar gari kawai ya ce ya mai da su gidaje.

Irin wannan ya faru a Filton kusa da Biristol ta Ingila, inda aka haɗa jirgin Concorde: an rufe filin jirgin a 2012, yanzu wani kamfanin Maleshiya na gina unguwa a kai. A Long Beach ta Amurka kuwa labarin ya sha bamban. Boeing ya gama jirgin dakon soja C-17 na ƙarshe a 2015, ginin ya zauna, a 2021 kamfanin ƙera roka Relativity Space ya karɓe shi.

Legas ba ta taɓa ƙera jirgin sama ba. Cikin ɗan abin da muka taɓa yi a ƙasar nan akwai ɗan jirgin horar da matuƙa mai suna Air Beetle da aka haɗa wa sojan sama a Kaduna. Amma tambayar da Toranto ke fama da ita tamu ce, har ma ta fi matsa mana, saboda Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, kuma wani babban yanki nata ruwa ne. Ikeja, Ilupeju, Apapa, Matori, Isolo, Oregun, duk an yanka su ne domin masana'antu lokacin da suke bakin gari. Yau gari ya haɗiye su. Dunlop ya daina yin taya a Ikeja a 2008, shekara guda bayan Michelin ya rufe nasa a Fatakwal. Masaƙu sun bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labari ba, mun ga Kakuri a Kaduna, mun ga Sharaɗa da Bompai a Kano. Bambancin shi ne a Kakuri kango ya daɗe yana jiran mai so, a Ikeja kuwa kafin injin ya huce dillalai sun iso.

Ra'ayina a nan shi ne, gwamnatin Legas ta daina kallon mataccen kamfani a matsayin fili kawai. Dalilina mai sauƙi ne. Za ka iya mai da masana'anta rukunin gidaje cikin shekara biyu, amma da wuya a mai da rukunin gidaje masana'anta. Da zarar an yanka eka ashirin zuwa fuloti ɗari, kowanne da mai shi da takardarsa da magadansa, magana ta ƙare. Ko an iya haɗa su, wa zai yarda injin ya riƙa ruri a bayan tagar ɗakinsa, ko tirela ta shigo layinsu da asuba? Sannan ba ƙasa kaɗai ake rasawa ba. Wurin masana'anta yana da faffaɗan titi, da babban layin wuta, wani ma da bututun gas, da magudanar ruwa da aka yi domin aiki mai nauyi. Waɗannan kuɗin jama'a ne aka zuba shekaru aru-aru.

Ga misali a gida. Duk mai hawa danfo a hanyar Badagry ya san tashar da kwandasta ke kira “Volks”. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin Volkswagen da ya fara haɗa motoci a Ojo a 1975, ya kuma durƙushe daga baya. Wurin ya daɗe kamar an yi ruwa an ɗauke. To amma da yake ba a yanka shi an rabar ba, a 2014 an sake haɗa motoci a cikinsa, har da na Nissan. Mutum na iya cewa aikin bai kai na da ba, kuma gaskiya ne. Sai dai da an riga an gina shaguna da gidajen haya a kai, ko wannan ɗin ba za a samu ba.

Na san amsar masu gine-gine, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce mutane na kwana ƙarƙashin gada a Legas, kuɗin haya ya fi ƙarfin ma'aikaci, ya za a bar eka goma ga ɓeraye da ciyawa? Za su ƙara da cewa ba rashin fili ne ya kashe kamfanonin ba, rashin wuta ne da tsadar dizal da wahalar samun dala da kayan waje masu araha, kuma wanda ke son ƙera kaya yau Agbara yake tafiya ko Ota ko Shagamu, ko yankin Lekki inda matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suke. Na yarda da rabin wannan. Matatar da ke tace ganga 650,000 a rana ba ta da wurin zama a Ilupeju, kuma ba mai hankalin da zai nemi a dawo da masu hayaƙi da guba tsakiyar jama'a.

Inda muka rabu shi ne batun wa ake gina wa gidajen. Ban taɓa ganin tsohuwar masana'anta a Ikeja ta koma gidan da lebura ko ɗan dako zai iya kamawa ba. Abin da ke fitowa shi ne gida mai ƙofar ƙarfe da kuɗin hayar shekara da ya fi abin da mai gadinsa zai samu a shekara goma. Wato talaka ya rasa aikin, bai kuma samu ɗakin ba.

Sannan masana'antar da Legas ke buƙata a cikin gari yau ba irin ta da ba ce mai ma'aikata dubu uku. Ƙanana ne: mai walda, kafinta, mai ɗinkin jaka da takalmi, mai buga takardu, mai gyaran injin, mai niƙa da ƙulla kayan abinci, ɗakin sanyi na ajiye tumatir da nama. Ka je kasuwar Mile 12 da rana tsaka ka ga kwandunan tumatirin da suka yi kwana biyu a hanya daga Kano suna zubar da ruwa a ƙasa. Ka je mayankar Oko-Oba a Agege ka ga fatu. Waɗannan kaya a cikin gari suke sauka, a cikin gari ya kamata a sarrafa su. Masu wannan sana'a yanzu a gefen titi suke, ƙarƙashin wayar wuta, kullum cikin zullumin motar rusau. Kowane sito guda da aka mai da zauren biki zai iya ɗaukar irinsu hamsin, da mita ɗaya ta wuta da rijiyar burtsatse ɗaya.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Yawancin 'yan'uwanmu da ke Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago da ƙarfinsu suke ci. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, ƙofa guda ta rufe. In aikin hannu ma ya koma Ibeju-Lekki ko Ogun, mutumin da ke kwana a Agege sai ya kashe rabin ladansa a mota, ya bar gida kafin kiran assalatu ya dawo bayan isha'i. Abin takaici, jirgin ƙasa na Red Line da aka ƙaddamar a 2024 yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin, wato daidai tsakiyar tsofaffin unguwannin masana'antu. An kawo wa ma'aikaci jirgi a lokacin da ake kwashe aikin daga bakin tashar.

Gwamnati ba ta rasa abin riƙo ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ba a sayar da fili mai takarda sai da amincewarsa, ba a kuma sauya abin da aka ware fili dominsa sai da izinin hukumar tsara birni. A yau wannan izini ya fi kama da hanyar tara kuɗin shiga: ka biya, a buga maka hatimi. Abin da nake nema shi ne a ɗora masa sharaɗi. Wanda zai sauya babban filin masana'anta, a wajabta masa barin wani kaso domin wuraren sana'a masu hayar da ƙaramin mai sana'a zai iya biya, a rubuta a jikin takardar filin yadda ko ya sayar sharaɗin zai bi ta. A auna ƙasar kafin a gina ɗakin kwana a kai, domin inda aka shekara talatin ana zubar da rini da baƙin mai da ruwan batir, rijiyar da za a haƙa a wurin yara ne za su sha. Kuma a riƙa sanar da jama'a kafin a ba da izini, kamar yadda Landan da Toranto ke yi da yankunan da suka keɓe wa masana'antu.

Shugabannin al'ummarmu a Legas, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, su ma da nasu laifin. Ba a jin muryarsu sai takardar tashi ta iso, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ake zana tsarin Ikeja ko Agege ne ya kamata a gan su a Alausa, mazaunin gwamnatin jiha, da buƙata a rubuce.

Da zan tafi, dattijon nan ya nuna mini wata doguwar katanga a tsallaken titi, an manna mata allo mai hoton benaye da wurin wanka. Ya ce watan jiya aka zo aka yanka injinan ciki da wuta, 'yan gwangwan suka saya a kan kilo, kuma yaran da suka loda su a mota duk 'yan garinsu ne.