Oga, "ku yi haƙuri" kaɗai ba zai riƙe ma'aikatan asibiti ba

Duk sanda aka tashi yabon ma'aikatan asibiti sai kaji ana cewa ai su masu juriya ne, Allah ya basu zuciya. Gaskiya ne, amma ni dai na fara jin tsoron wannan yabon, don sau da yawa da shi ake toshe bakin nas ɗin da ta kwana a tsaye ita kaɗai kan ɗaki guda na marasa lafiya, in ta buɗe baki ta ce ta gaji sai ace mata ki yi haƙuri aikin lada ne.

To haƙurin nan fa baya ƙara mata hannu na uku. A 2002 wata mai bincike, Linda Aiken, da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Pensilbaniya a Amurka, suka gano duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari, ita kuma haɗarin gajiya ta cinye ta har aikin ya fita a ranta yana ƙaruwa da kashi 23. Kaga kenan mai tsara rostan duti rayuka ne a hannunsa. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce irin wannan gajiyar daga matsin wurin aiki take tasowa in an barshi ba a magance ba.

Amma abin da yafi tsaya min a rai shine binciken wata mai bincike, Amy Edmondson, na 1996 kan kuskuren bada magani a asibiti. Ta zaci sashen da ke da shugaba nagari zai fi ƙarancin kuskure, sai ta tarar su ne ma suka fi kawo rahoton kuskure, ashe su basa tsoron faɗa ne, a inda oga yake da tsawa kuwa kowa binne nasa yake yi ya ja bakinsa ya yi shiru. Kuma wallahi ba abin da ke karya ma'aikaci kamar ya koma gida da kuskure a cikinsa ba wanda zai iya gaya wa, ga gajiya ga fargaba, gobe kuma ya dawo ya ɗauki sirinji hannu na rawa.

Shi yasa nake roƙon duk mai riƙe da wani sashe, likita ne ko matiron, ranar da ƙaramar nas ta zo ta ce maka ta bada allurar da ba ita ba, fara tambayarta ya majinyacin yake, ku je ku duba shi tare, bayan nan a zauna a ga awa nawa ta yi bata runtsa ba kuma mutum nawa aka bar mata a daren. Takardar tuhuma in ma akwai buƙatarta, ta jira sai an gama wannan.