Yadda Mesa ta ci mutuncina a gaban rumfar manya

Duk wanda ya sake turo bidiyon nan a guruf, ban yafe ba. Na gani. Ni ne a ciki.

Ga waɗanda ba su je ba, a taƙaice: mu tsofaffin ɗalibai aka roƙa mu taya yara kiɗan badujala a faretin ranar yara, 27 ga Mayu, saboda manyan da suka iya busa duk suna zana jarrabawar fita. Ni da begilata na je, wadda kowa ya san ni da ita tun muna aji uku. Baba Kofur, mai horar da 'yan badujalar, ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kafaɗuna, ko kallon begilar bai yi ba.

"Wanga ƙato ya wuce begila. Ku ɗauko mishi Mesa."

Na ce, "Baba, ban taɓa busa ta ba fa."

"Baki gare ka? Huhu gare ka? To mi ya rage?"

Mesa dai ita ce susafon ɗin nan da ke rataye a sito tun muna makaranta, wadda ake zura kai a ciki ta nannaɗe mutum, nauyinta ya sauka a kafaɗar hagu, bakinta ya buɗe saman kai. Da dare, da ciwon kafaɗa ya hana ni barci, na shiga intanet neman wanda zan ɗora wa laifi. Na same shi. Wani Ba'amurke ne, John Philip Sousa, shugaban 'yan badujala, shi ya sa aka ƙera ta a shekarun 1890. Ta tagulla takan haura kilo 13. Akwai ta roba mai sauƙi, amma mu ina muka ga wannan gata, tamu tagulla ce tsantsa, ga lotsawa ta ko'ina. In aka miƙe bututunta ya fi mita 5. Wato sai numfashinka ya yi tafiyar mita biyar kafin wani ya ji ka, alhali ƙafarka na taku wajen 120 a minti ɗaya.

Tun ranar ake musu a guruf kan wanda ya fi shan wuya, kuma ba zan danne wa kowa haƙƙi ba. Mai babbar ganga yana da gaskiyarsa. Ganga na ɗaure a ƙirjinsa, ba ya ganin ƙafarsa, ba ya ganin rami, bayansa a gantsare, kuma in ya kuskure bugu ɗaya duk layi ya rikice. Masu turambon su ma, babu maɓalli ko ɗaya, wurare bakwai ne a jikin sandar da ake ja da turawa, sai hannu ya haddace su, ga fargabar zungurar ƙeyar na gaba. Begila kuwa ni shaida ne, leɓe kaɗai ke canza murya, in hunturu ya tsattsaga maka baki sai ka busa da jini. Amma mai faranti da ya shigo yana cewa wai wuyan hannunsa ya kumbura, don Allah ya zauna. Marfi biyu kake tafawa, malam. Duk cikinku babu wanda ba ya iya sauke kayansa ya sosa hanci. Ni sawa aka yi mini. Har wani ya kawo zancen masu kakakin fadar Sarkin Gwandu, wai nasu ya fi tsawo. A ido ya fi. Amma su busawa suke su sauke, ba wanda ya ce su zagaya fili da shi suna hagu-dama.

To, ranar fareti. Kun san Birnin Kebbi a watan Mayu, zafi ya haura 40, kuma kun san babban baƙo ba ya zuwa lokacin da aka rubuta a kati. Muna tsaye a rana har tagullar nan ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Da Baba Kofur ya ce a huta, na sauke ta ƙarƙashin darbejiya, na ba ƙanin mutuniyar amanarta, na tafi neman ruwa. E, shi. Mai kunnuwan nan. Har cewa ya yi, "Yaya, tafi abinka, ko ƙuda ba ya taɓa ta."

Jiniya ta yi kuka, aka ce a jeru. Na zura kai da gudu. Da muka tashi na ji busar ta yi tauri, amma ana cikin ganguna da begila, wa ke jin wa? Na ce zafi ne.

Sai dai Baba Kofur yana da wani salo da yake taƙama da shi tun yana soja. Daidai rumfar manya kowa zai yi tsit, a bar babbar ganga da Mesa su kaɗai su yi bugu huɗu, bum, bum, bum, bum, sannan kowa ya faɗo gaba ɗaya. Mun gwada shi ya fi a ƙirga. Ya ce nan ne ake raba badujala da kiɗan gwangwani. Mai sanarwa ma an gaya masa, don haka ya sauko da makirfo ya miƙo saitin kaina.

Sandar jagora ta ɗaga. Kowa ya yi tsit. Na cika ƙirji na hura.

Jama'a, abin da ya fito ba bum ba ne. Wani siririn sauti ne mai jiƙa, ya fara ƙasa-ƙasa, ya yi rawa a tsakiya, ya ƙare da ɗan tsaki. Ba sai na faɗi abin da ya yi kama da shi ba, akwai iyaye a guruf ɗin nan. Kuma lasifika huɗun da ke filin duk suka ɗauka suka raba wa kowa, har masu tallan gyaɗa a bakin ƙofa.

Ganga ta ce bum ta biyu. Na ce wannan karon sai dai huhu ya fashe. Na hura. Ya sake fitowa, ya ma fi na farko tsawo, har da wata 'yar tambaya a ƙarshensa. Na ga wani babba a layin gaba ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ɗan sandan da ke bayansa yana ƙame, amma gashin bakinsa na motsi. 'Yan firamare da ke zaune a ƙasa kuwa ba su san kara ba, kwanciya suka yi.

A ta uku ban busa ba. Shirun ya fi sautin muni, domin sai kowa ya gane jira ake.

A ta huɗu iskar hadari ta taso daga gabas, irin mai jan ƙurar nan. Wanda bai taɓa saka Mesa ba ba zai gane ba, bakinta kama iska yake yi. Ta juya ni. Layi ya nufi arewa, ni na fuskanci rumfa sosai, ido cikin ido da manya, hulata ta tashi ta bi layin 'yan mata. Kuma da yake na riga na cika ƙirji, busar ta fita. Wannan karon wani abu ya motsa a ciki, ya yi ƙwal-ƙwal ya gangara, sai ga bum ta gaskiya, mai ƙarfi, ita kaɗai, bayan kowa ya riga ya shiga waƙa.

Mai sanarwa ya ce, "Alhamdulillahi, ta samu! A tafa wa mai babban ƙaho!" Aka tafa. Tafin nan ya fi komai ƙona mini rai.

Wata tsohuwa mai zoɓo ta biyo gefen layi tana cewa, "Sannu ɗana. Cikin ne? Ka sha jar kanwa."

Bayan an tashi Baba Kofur ya kwance bakin, ya kifa ta yana juyawa. Ƙwallon mangwaro biyu, ledar fiya wata, ɓawon gyaɗa, da takardar alewa. Ya jera su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, bai ce mini komai ba, sai "Shekara talatin ina wanga aiki."

Yaron nan kuwa, ku bar ni da shi. Wai da aka tambaye shi cewa ya yi ya zaci kwandon shara ne. Yaron da ke aji biyu na sakandare! Shi ne fa ya karɓi cajata tun azumi ya ce ta ɓace, na gan ta a hannun abokinsa. Shi ne duk ranar da na je zance sai ya zo ya tsaya yana gaisuwa har sau uku, sai an sallame shi da ɗari biyu. Shi ya gaya wa innarsu wai mashin ɗina na aro ne. Na kai ƙara wurin yayarsa, na ɗauka za ta tsawata, sai ta ce, "Haba, ai wasan ƙanin mata ne," tana danne dariya har da hawaye. Ashe ita ma tana da bidiyon. Yanzu in na shiga unguwarsu, yara ba sa cewa komai, sai su kumbura kumatu kawai. Na san wanda ya koya musu. Kuma wai jiya ya aiko a tambaye ni ko ina da tsohuwar waya da ba na amfani da ita.

Baba Kofur dai ya ce har yanzu akwai abin da ke ƙara a lanƙwasa ta biyu, yana zargin ƙwallon goruba ne. Ya ce 1 ga Oktoba ma ni ne, wai na riga na saba. Wanda ke da doguwar waya mai lanƙwasuwa, irin ta masu gyaran famfo, ya taimaka ya kai sito ranar Asabar. Ni ina da uzuri.